Tambaya da Amsa: RAM ɗin sabarmu ya cika, ko mu ƙaro wani?

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan a kan abu ɗaya suke: sabar da ke ɗauke da rumbun bayanai ta cinye RAM, aiki ya yi nauyi, ko ma ta tsaya cik. Mun zaɓi guda shida daga Garwa, Marwa, Ngaundere, Kusiri da Injamena.

TAMBAYA, daga mai kula da kwamfutocin wani kamfanin sayar da kaya sari a Garwa: Sabarmu tana da RAM giga 32, da Ubuntu, wani nau'in Linux, da manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL a kanta. Duk sanda na buga free -h sai in ga mega 400 kacal a ƙarƙashin free. Maigida ya ce in kawo masa lissafin kuɗin ƙarin RAM daga Duwala. Giga nawa zan ce a ƙaro?

AMSA: Malam, ajiye lissafin nan tukuna, domin lambar da ta tayar maka da hankali ba ita ce ake dubawa ba. Ka ɗauki RAM kamar teburin gaban shago, faifai kuma shi ne sito can bayan kasuwa. Ɗan kasuwa mai wayo ba ya barin teburinsa wayam alhali masu saye na jira ana zarya zuwa sito. Haka Linux yake: duk abin da aka karanto daga faifai sai ya bar kwafinsa a RAM, ko da za a sake nema. Wannan shi ne abin da kake gani a ƙarƙashin buff/cache. Da zarar wata manhaja ta nemi wuri, yana kwashe mafi yawansa ya ba ta.

Ka sake buga free -h, ka kai idonka can ƙarshen layi, wurin da aka rubuta available. Wannan ita ce ƙiyasin abin da saba za ta iya bayarwa yanzu ba tare da ta shiga swap ba, wato yankin faifai da ake arowa idan RAM ya cika. Idan ka ga giga 18 ko 20 a nan, sabarka lafiya lau take, kada a kashe ko sefa ɗaya. Amma kada ka tara free da buff/cache da kanka ka ce jimlarsu ce ta rage. Yankin da PostgreSQL yake kira shared_buffers, inda yake ajiye bayanan da duk ayyukansa ke tarayya a kai, yana cikin lissafin buff/cache, kuma ba a iya kwashe shi kamar sauran. Shi ya sa available ta fi aminci.

Alamar matsi ta gaskiya a motsin swap take. Buga vmstat 1, ka bar shi yana tafiya kamar minti biyu a lokacin da aiki ya fi zafi, misali da safe ana fitar da kaya. Layin farko matsakaici ne tun daga kunna na'ura, ka tsallake shi. Ka duba si da so, wato abin da ake dawowa da shi daga swap da abin da ake turawa can a kowace daƙiƙa. In sifili suke, ko sukan ɗan motsa jefi-jefi, babu komai. In kuwa ba sa sauka, kuma lambar da ke ƙarƙashin wa, wato lokacin jiran faifai, tana hawa, to RAM ya gaza. Ganin cewa akwai mega 500 kwance a swap ba laifi ba ne shi kaɗai, mai yiwuwa tsofaffin abubuwa ne da ba a taɓa ba tun makon jiya. Akwai kuma cat /proc/pressure/memory, wanda Linux ya samu tun sigar 4.20. Yana nuna kashi nawa cikin ɗari na lokaci ayyuka suka tsaya jiran RAM a daƙiƙa 10, 60 da 300 da suka wuce. Layin full ya kamata ya zauna a sifili ko dab da shi.

Abu ɗaya muke roƙonka: akwai shawarar da ke yawo cewa a riƙa tura lamba 3 cikin /proc/sys/vm/drop_caches kowane dare don a "wanke" RAM. Kada ka yi haka a sabar rumbun bayanai. Lambar free za ta yi kyau a ido, amma ka share teburin ne ka mayar da kaya sito, washegari kowace tambayar da manhaja ta aika wa rumbun bayanai sai ta koma faifai.

TAMBAYA, daga wata ma'aikaciyar asusun ajiya da bashi a Marwa: Kowane ƙarshen wata, idan ana haɗa rahoto, sai duk ma'aikata su fita daga manhaja lokaci ɗaya, bayan kamar minti ɗaya ta dawo. A littafin da PostgreSQL ke rubuta abin da ya faru, wato log, na ga an rubuta cewa an kashe wani aiki da signal 9. Sabar giga 16 ce. Wanda ya kafa mana ita ya sa shared_buffers giga 4, work_mem mega 256, max_connections 200. Mene ne ke kashe mana aiki?

AMSA: Malama, kin yi kyan kai da kika aiko da lambobin, domin amsar tana cikinsu. Amma fara tabbatarwa. Buga journalctl -k, ko dmesg -T, ki nemi layin da ke cewa Out of memory tare da Killed process, ki gwada lokacinsa da lokacin da ma'aikata suka fita. In sun yi daidai, to Linux ne da kansa. Idan RAM da swap suka ƙare ƙaf, yana zaɓar aiki ɗaya, galibi wanda ya fi cin wuri, ya kashe shi don na'urar ta tsira. Shi kuma PostgreSQL, da zarar an kashe ɗaya daga cikin 'ya'yansa, wato ƙananan ayyukan da ke ƙarƙashinsa, ta wannan hanya, ba ya yarda da abin da ke cikin yankin da suke tarayya a kai. Sai ya sallami kowa, ya sake bin littafinsa na WAL, inda yake rubuta kowane canji, ya daidaita bayanai, sannan ya buɗe ƙofa. Minti ɗayan da kuke jira ke nan.

Mai laifin shi ne work_mem. Mutane da yawa suna zaton kason saba ne gaba ɗaya, ko na kowane mai amfani. A'a. Kason kowane mataki ne na jerawa ko haɗa tebura a cikin tambaya guda, kuma rahoto ɗaya yana iya ƙunsar matakai uku ko huɗu irin wannan. Mu yi lissafi: ma'aikata 20 suna haɗa rahoto lokaci ɗaya, kowane rahoto da matakai 3, kowane mataki yana da izinin mega 256. Wannan ya kai mega 15,360, wato giga 15. Ki ɗora giga 4 na shared_buffers, an kai 19 a na'ura mai 16, ba a ma sa na Linux kansa ba. Ƙari a kan haka, idan PostgreSQL ya raba tambaya ga mataimaka, kowane mataimaki da nasa kason, kuma tun daga siga ta 15 matakan da ke amfani da hash suna da izinin ninki biyu na work_mem. A ranakun da ba a haɗa rahoto ba a kaiwa wannan iyaka, shi ya sa ciwon ba ya tashi sai ƙarshen wata.

Giga 4 na shared_buffers daidai ne, kashi ɗaya cikin huɗu na RAM ke nan, kuma shi ne abin da jagorar PostgreSQL ta ba da shawarar a fara da shi. Ki bar shi. Shi kuwa work_mem, asalinsa mega 4 ne. Ki mayar da shi mega 16 ga kowa, sannan ki ware wa masu rahoto asusu na daban ki ba shi kaso mai tsoka da umarnin ALTER ROLE rahoto SET work_mem = '128MB', ki kuma ƙayyade masa haɗi uku ko huɗu da CONNECTION LIMIT. Don ki san ko kin matse da yawa, sa log_temp_files a mega 10. Duk tambayar da kasonta bai ishe ta ba har ta zuba fiye da haka a faifai za ta bayyana a littafi. Ki kuma riƙa duba temp_files da temp_bytes a pg_stat_database. Zuba a faifai yana rage gudu, amma rahoton da ya ɗauki minti uku ya fi wanda ya kori ma'aikatan reshe duka.

Sai ki duba pg_stat_activity, ki ƙirga haɗi nawa ke active, nawa ke idle, nawa ke idle in transaction. Kowane haɗi aiki ne mai zaman kansa da ke riƙe da nasa RAM. In kin tarar da 150 suna zaune ba sa komai, ki sa PgBouncer, manhajar da ke raba haɗi kaɗan tsakanin masu amfani da yawa, a gaba ki rage max_connections, wato iyakar adadin haɗi.

Akwai kuma gyara ta ɓangaren Linux: vm.overcommit_memory = 2. Da shi, Linux zai daina yin alkawarin RAM da ba shi da shi, tambayar da ta wuce gona da iri ita kaɗai za ta faɗi, sauran su ci gaba. Amma da tarko a ciki. Iyakar da zai sa ita ce swap haɗe da wani kaso na RAM, kuma asalin kason, vm.overcommit_ratio, 50 ne. A sabarki, in swap giga 2 ne, iyakar za ta tsaya a giga 10 kacal, ki rasa amfanin sauran. Ki ɗaga shi zuwa 80, iyaka ta koma giga 14.8, sannan ki riƙa gwada Committed_AS, wato abin da aka yi alkawari, da CommitLimit, wato iyakar, a /proc/meminfo. Ki gwada wannan a ranar da ba a aiki, ba ranar 30 ga wata ba.

Wani abu da zai iya ruɗa ki: in kin buɗe top, mai nuna ayyukan da ke gudana, za ki ga ayyukan postgres da yawa, kowanne da giga 2 ko 3 a ƙarƙashin RES. Kada ki tara su. Kowannensu yana ƙirga ɓangaren shared_buffers da ya taɓa, abu ɗaya ake ta maimaitawa. Lambar Pss da ke /proc/lambar-aikin/smaps_rollup, ko manhajar smem, ita ke raba kason tarayya daidai.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi da ke taimaka wa wata makaranta a Ngaundere: MySQL muke da shi a saba mai giga 8. Duk ranar da aka ɗauke wuta ta dawo, manhajar rajista takan yi nauyi kusan awa ɗaya, alhali RAM a lokacin kusan babu komai a cikinsa. Yaya RAM zai zama wayam amma aiki ya yi nauyi?

AMSA: Ƙanena, wayam ɗin ne ya kawo nauyin. InnoDB, injin ajiyar MySQL, yana riƙe shafukan teburan da aka fi nema a wani yanki na RAM mai suna buffer pool, kowane shafi kilobayit 16. Wuta na ɗaukewa yankin ya tafi. Idan ta dawo sai an karanto komai daga faifai ɗaya bayan ɗaya, in faifan mai juyawa ne abin ya daɗe. A yankinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman a watannin Maris da Afrilu lokacin da ruwan madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai ya ja baya, wuta ta yi ƙaranci a arewa.

Fara da duba innodb_buffer_pool_size. Asalinsa mega 128 ne, kuma sau da yawa haka ake barinsa ko da saba na da giga 8, sai ya zama an sayi babban teburi ana amfani da kusurwarsa kawai. In sabar ba ta ɗauke da komai sai MySQL, ka ba shi giga 5. In manhajar rajistar da sabar yanar gizo suna tare da shi a na'ura ɗaya, giga 3 zuwa 4. Tun daga siga ta 5.7 ana iya canza shi da SET GLOBAL ba tare da kashe MySQL ba, amma ka rubuta shi a fayil ɗin saituna don kada ya ɓace.

MySQL yana da dabarar ajiye jerin shafukan da ke cikin buffer pool a wani ƙaramin fayil, ib_buffer_pool, ya sake loda su in ya tashi. Matsalar ita ce yana rubuta jerin ne lokacin da aka kashe shi cikin tsari, ɗaukewar wuta kuwa ba ta sallama. Don haka ka sa cron, mai gudanar da umarni a kan lokaci, ya riƙa aika SET GLOBAL innodb_buffer_pool_dump_now = ON kowace awa. Fayil ɗin lambobin shafuka kawai yake ɗauka, ba bayanan kansu ba, ba ya da nauyi. Ka kuma ɗaga innodb_buffer_pool_dump_pct daga 25 zuwa 75. Bayan tashi, Innodb_buffer_pool_load_status zai nuna maka inda lodin ya kai. Masu PostgreSQL suna da irin wannan a pg_prewarm tun daga siga ta 11, shi yana ajiye jerinsa duk minti biyar.

Don auna ko yankin ya isa, ka karanta Innodb_buffer_pool_read_requests da Innodb_buffer_pool_reads da ƙarfe tara, ka sake karantawa da ƙarfe goma, ka cire na farko daga na biyu. Ta farko duk buƙatun karatu ce, ta biyu waɗanda sai da aka je faifai. In waɗanda suka je faifai sun wuce ɗaya cikin ɗari a ranar da wuta ba ta ɗauke ba, yankin ya yi kaɗan.

Sannan batirin ajiyar wuta, wanda muke kira ondula. Ka haɗa shi da sabar ta wayar USB, ka sa manhajar NUT ko apcupsd, domin in batir ya kusa ƙarewa sabar ta kashe kanta cikin tsari. Kuma duk nauyin da za ka gani, kada ka sauke innodb_flush_log_at_trx_commit daga 1 don neman gudu a wurin da wuta ke ɗaukewa, domin rajistar da aka shigar a daƙiƙar ƙarshe tana iya ɓacewa.

TAMBAYA, daga wani akanta a Injamena: Manhajar lissafinmu tana aiki da SQL Server a kan Windows, giga 16. Kwana uku bayan kunnawa RAM yakan kai kashi 97 cikin ɗari. Kowace Juma'a sai mun kashe mun kunna. Ƙwayar cuta ce?

AMSA: Alhaji, ba cuta ba ce, ɗabi'arsa ce. SQL Server yana karɓar RAM yana ƙarawa har ya kai iyakar da aka sa masa, ba ya kuma sakewa sai Windows ya nuna yana cikin matsi. Asalin iyakar, max server memory, mega 2,147,483,647 ce, wato kamar babu iyaka. Ku sa masa 12288, giga 12 ke nan, a bar wa Windows da riga-kafin cuta da manhajar ajiye kwafi giga 4. In ma'aikata suna shiga sabar daga nesa suna buɗe manhajar a kanta, ku rage zuwa giga 10. Ana yin wannan a Management Studio ƙarƙashin saitunan Memory, ko da sp_configure, kuma yana kamawa nan take ba sai an kashe ba.

Kada ku dogara da Task Manager, yakan nuna ƙasa da gaskiya in an ba SQL Server izinin kulle shafuka a RAM. Ku buɗe Performance Monitor ku sa ido kan Available MBytes na Windows, kada ya sauka ƙasa da giga 1, da Memory Grants Pending, wanda ya kamata ya zauna a sifili, da Page life expectancy, wato daƙiƙoƙin da shafi ke yi a RAM kafin a fitar da shi. Tsohuwar ƙa'idar daƙiƙa 300 ta zamanin ƙananan na'urori ce. Ku san lambar da sabarku ta saba nunawa, ku lura da ranar da ta faɗi warwas. In kuwa sigar Express kuke da ita, buffer pool ɗinta ba ya wuce mega 1410 ko nawa kuka zuba, ƙarin RAM ba zai amfane ta ba. Kashewar Juma'a ku daina, ita ce ke sa safiyar aiki ta gaba ta yi muku nauyi.

TAMBAYA, daga Kusiri: Sabarmu takan mutu da rana tsaka a lokacin zafi, kuma available na nuna fiye da rabi. RAM ne?

AMSA: Ɗan'uwa, wannan ba ƙarancin RAM ba ne, ka nemi zafi ko lalacewar sandar RAM ɗin. A Afrilu zafin Kusiri yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka da ramukan iska. Duba zafin da sensors ko ipmitool, ka hure ƙurar. In RAM ɗin mai ECC ne, wato mai gyara ƙananan kurakurai da kansa, sa rasdaemon ya riƙa ƙirga kurakuran da aka gyara. Sandar da lambarta ke hawa ita za a cire. In ba mai ECC ba ne, ka tashi na'urar da Memtest86+, mai gwada lafiyar RAM, ka bar shi ya kwana yana zagaye. Kuskure ko ɗaya ya isa a canza sanda, kuma ka gwada dawo da kwafin ajiyarka a wata na'ura, domin RAM mai ciwo yana iya rubuta gurɓataccen shafi a faifai.

TAMBAYA, daga wata mai kula da na'urorin wani asibiti a Garwa: Ba zan iya zama gaban allo dare da rana ba, intanet ɗinmu kuma ba ta da ƙarfi. Da me zan riƙa lura da sabar?

AMSA: Hajiya, fara da sysstat, mai ajiye awon aikin na'ura, ba ya bukatar intanet bayan an girka shi. A Debian da Ubuntu ki buɗe /etc/default/sysstat ki mayar da ENABLED zuwa true, ki tayar da shi da systemctl enable --now sysstat. Zai riƙa ɗaukar awo duk minti 10. Umarnin sar -r yana nuna RAM, sar -W yana nuna motsin swap. A /etc/sysstat/sysstat akwai HISTORY, wanda asalinsa kwana 7 ne. Ki mayar da shi 60, in ba haka ba lokacin da za ki zo binciken abin da ya faru ƙarshen watan jiya an riga an share shi. Minti 10 yana da faɗi, tashin da ya zo ya wuce cikin minti biyu zai iya kuɓuce masa, don haka in kina farautar irin wannan ki rage tazarar zuwa minti 1.

In kina son zane da gargaɗi, Zabbix, ko Prometheus tare da node_exporter da Grafana, duk suna aiki a cikin gida ba tare da intanet ba. Sharaɗi ɗaya ne: a wata na'ura dabam za ki ɗora su, ko da tsohuwar kwamfutar ofis ce, a kan ondula. Mai gadin da ke kwana a ɗakin da ya kama wuta ba zai kira kowa ba. Don saƙo ya iske ki a gida, ƙaramin modem mai layin waya da ke aika SMS ya fi imel tabbas a nan.

Kada ki sa gargaɗi a kan used ko free, zai dame ki a banza har ki daina karantawa. Ki sa shi ya yi magana in available ta sauka ƙasa da kashi 15 cikin ɗari na tsawon minti 10, ya yi ƙara in ta sauka ƙasa da kashi 5, ko swap ya yi ta motsi minti 5 a jere, ko layin Killed process ya bayyana ko da sau ɗaya. Ki haɗa da adadin haɗin da ke buɗe in ya kai kashi 80 na max_connections. Waɗannan lambobin mafari ne, bayan wata guda ki daidaita su da abin da sabarki ta nuna.

Ranar Litinin ki buɗe zanen available na kwana 30. In yana sauka da rana yana komawa inda yake da dare, lafiya. In kuwa kowace safiya yana farawa ƙasa da na jiya, akwai abin da ke riƙe RAM ba ya saki, galibi haɗin da manhaja ta buɗe ta manta da shi kwana da kwanaki. A PostgreSQL ki jera pg_stat_activity bisa backend_start ki ga waɗanda suka fi daɗewa, a MySQL 8 ki duba sys.memory_global_by_current_bytes, sannan ki kai wa masu manhajar lambobin su sa wa haɗinsu iyakar rayuwa ta awa ɗaya.